Sabi'u Mai Hannu da Kilen Baba Rissa

A Tanut in ka ce Sabi'u sai an tambaye ka wanne, don a tasha kaɗai sun fi biyar. Amma in ka ce Mai Hannu, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan: can bayan kasuwar dabbobi, mai ƙofar langa-langa, da bishiyar aduwa a gaba wadda gindinta ya yi baƙi ƙirin da tsohon man inji. Nan ne garejinsa, nan ne majalisarsa, nan kuma ya tafka abin da har yau in ya tuna sai abinci ya fita ransa.

Haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Falanko, ɗan manoma. Rijiyoyin Damargu kowa ya san zurfinsu, sai da raƙumi ko sa ake jan guga. Shekarar da san gidansu ya mutu Sabi'u yana ɗan shekara goma sha shida, shi ya maye gurbinsa. Ya ɗaura igiya a kafaɗa ya yi ta ja har damina ta faɗi. Daga nan hannuwansa suka zama abin da suka zama, in ya gaisa da kai sai ka koma gefe ka ƙirga yatsunka. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ko ƙofarta bai taɓa leƙawa ba. Ranar da aka zo rubuta yara, mahaifinsa a rumbu ya ɓoye shi, yana ganin gata ya yi masa.

Yana da shekara ashirin ya gaji da jan guga, ya taho Tanut neman abin yi. A tasha ya gamu da Rissa, wani mutumin Abzin, dogo siriri, mai rawani da magana ƙasa-ƙasa, wanda ke jan babbar mota yana kai gero Agadas da Arlit. Rissa ya ga saurayi ya sunkuci buhu shi kaɗai ya wurga saman kaya kamar matashin kai, ya ce da shi ya hau. Shekara goma sha biyu suka yi tare a kan hanyar nan. Rissa ya koya masa tuƙi, ya koya masa gyara, ya tsaya masa a wurin aure. Tun daga lokacin Sabi'u bai ƙara kiransa da wani suna ba sai Baba.

Rissa direba ne, amma a gyara ya fi suna. Yana da wata kile, irin sifanar nan doguwa, da ya samo wurin wani tsohon makanike a Arlit. A jikinta akwai ƙananan lambobi. Ana murɗa mariƙinta a saita ƙarfin da ake so, in bulon, wato ƙusar da ake ɗaurewa, ya kai wannan ɗaurin sai ta yi ƙara, ƙas, mai ja ya tsaya. Cikin tsohon rawani yake naɗe ta, kuma ba ta fitowa sai an buɗe kan inji. Shi kan injin, makanikai na ce masa kilas, yana zaune ne bisa gangar inji, tsakaninsu da wata siririyar shimfiɗa, juwan, wadda ke raba wuta da ruwa da mai. Bulon goma ke riƙe da su. In ɗaurin ya yi daidai, kowa ya bi hanyarsa. In wani ya fi wani, kilas ya karkace, ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Karatun Rissa a nan ba ya canzawa, Sabi'u ya ji shi ya fi sau ɗari. A wanke ramukan bulon, a hure su, kada ɗigon ruwa ko mai ya kwana ciki. A fara da bulon na tsakiya, a riƙa tsallakawa dama da hagu ana fita waje. A zagaya sau uku, kowane zagaye a ƙara ƙarfi kaɗan.

"Kamar shayi ne," in ji shi. "Shayi daga ɗaci yake tahiya zuwa zaƙi, bulon daga sassauci zuwa ƙarhi. Amma ba mai hankalin da ke haɗa ukun a kofi ɗaya ya kwankwaɗe."

Sabi'u ya haddace duk wannan, ban da abu guda. Lambobin jikin kilen bai taɓa gane su ba. Kullum Rissa ne ke murɗawa ya saita ya miƙa masa, shi kuma ya ja har ta yi ƙas. Bai taɓa cewa Baba koya mini ba, don faɗar haka daidai yake da cewa ban iya karatu ba, wannan kuwa gara a yanka shi. Rissa ma bai taɓa tambaya ba.

Bayan sun rabu da babbar mota, Sabi'u ya bi 'yan zinariya zuwa Jado. Shekara biyu ya yi yana haƙa, ya dawo baƙi wuluk da abin da ya ishe shi sayen tsohuwar motar haya mai kujera goma sha tara. Da ita yake bin kasuwannin ƙauye, yau Ollelewa, gobe Falanko, jibi Belbeji. Mai fenti ya rubuta masa a bayanta: Sannu ba ta hana zuwa. Shi dai ya biya kuɗin rubutun, amma bai iya karanta shi ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san bai yarda da shi ba.

Asirinsa matarsa ce ta rufa masa. Zuhaira 'yar Tanut ce, ta yi lakwal har aji shida, kanta na ja. Ita ke sa masa sunaye a waya da hotunan masu su. Takardun mota kuwa ta ɗaura wa kowacce zare mai launi dabam, in jandarma ya ce kawo kaza, Sabi'u ya zaro mai jan zare ya miƙa yana wani ɗaga kai kamar shi ya rubuta ta. Duk wannan cikin gida ake yi. Da zarar ya tsallake ƙofar langa-langar nan, shi ne Mai Hannu, wanda bai taɓa neman taimakon kowa ba.

Gyaran motarsa ma da kansa yake yi a gindin aduwa, da sifana da wani guntun bututu da yake zura mata don ƙarin ƙarfi, kamar dai ƙarfin ne ya yi masa kaɗan. In bulon ya tsinke a hannunsa sai ya ce ƙarfen yanzu ne ba shi da ƙwari. Kan inji kaɗai yake ragawa. In za a buɗe shi, sai ya aika Baba Rissa ya zo da kilensa, don tsohon ya bar tuƙi ya dawo zama wurin 'yarsa Fadimata, gida biyu tsakaninsu.

Sai yana, wato farin nan da ke lulluɓe ƙwayar ido, ta fara rufe wa Rissa ido. Na hagu ya fara, na dama ya bi, cikin shekara uku ya koma sai dai ya bambance rana da inuwa. Bai yi raki ba. In an yi masa jaje yakan ce ya ga duniya har ta ishe shi, abu biyu kawai suka rage masa. Yana so ya ga fuskar jikarsa Mariyama, wadda aka haifa bayan idon ya rufe, yana kuma so ya zuba shayinsa da kansa daga sama ba tare da ya ƙona yatsa ba.

A wata bazara aka yi shela a rediyo cewa wasu likitocin ido za su sauka Damagaram, kwana biyar suna cire yana kyauta. Aka duba tsofaffin Tanut, aka ba waɗanda aikin zai yi wa amfani takarda. Rissa ya samu. Mutanen Damargu ranar ƙarshe aka ba su, Alhamis, aka kuma ja musu kunne cewa wanda bai iso kafin azahar ba ya yi ta kansa. Fadimata ta so ta sa mahaifinta a mota tun Talata, su kwana biyu wurin dangi. Da Sabi'u ya ji, har gida ya same ta.

"Ina raye Baba shi shiga motar wani? Mi kike so mutanen tasha su ce da ni? Ni zan kai shi, a gidan gaba, in tsaya har a kwance masa ido, ni ne mutum na biyu da zai gani bayan Mariyama."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, wannan ba a raba shi da ita. Ya ma ƙara da cewa zai ratsa ta wani ƙauye bayan Ollelewa ya ɗauko goggonsa Hajjo, ita ma tana da takarda. Fadimata ta haƙura.

Matsalar ita ce motar ba ta da lafiya. Ta yi sati tana shan ruwa kamar raƙumin da ya fito daga hamadar Tenere. Ran Litinin ya buɗe kan inji ya tarar juwan ya ƙone. Ya aika Damagaram a kawo sabo, bai iso ba sai Laraba da rana tsaka.

Bayan azahar majalisa ta cika a gindin aduwa, don a Tanut buɗe inji kallo ne. Cikinsu har da Tanko mai facin taya, abokin wasan Sabi'u, mutumin da bakinsa bai taɓa yin hutu ba ko ran Juma'a. Fadimata ta jawo mahaifinta har kan tabarma, ta ajiye masa kayan shayi, ta koma. Rissa ya kwance tsohon rawanin nan a hankali, ya shafa kilen daga kai har gindi. Wannan ne karo na farko da za a ɗaure kan inji tun da idonsa ya rufe.

"Ka wanke ramukan?"

"Na wanke, Baba."

"Ka hure?"

"Na hure." Tsumma kawai ya zura musu.

"To riƙe. Zagayen farko, saita talatin."

Sabi'u ya karɓa ya juya ta a hannu. Uku da sifili ya san su, yana ganinsu a waya. Amma a jikin ƙarfen nan layi biyu ne na lambobi, kowanne da nasa, ga kuma waɗansu sun zagaye mariƙin, duk ƙanana kamar tururuwa. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Zufa ta tsiyayo masa ta bayan kunne. Mutane goma sha wani abu sun zuba masa ido.

Rissa ya ji shirun ya yi yawa. Sai ya ce, kamar ba wani abu ba, "In rana ta kashe maka ido, kira Zuhaira ta duba mana. Mata sun hi mu ganin ƙananan abubuwa, su ke zura allura."

Tsohon ƙofa ya buɗe masa, faɗaɗa, da zai bi ya fita da mutuncinsa. Da Tanko ya yi shiru na minti ɗaya, da labarin nan bai samu ba. Amma ina.

"Af! Jama'a ku matso! Yau Mai Hannu za shi lakwal, madam ce mushe! A kawo mishi allo da alli!"

Mushe shi ne malamin makaranta. Majalisa ta kwashe da dariya, har da masu buga cinya. Wasa ne irin na kullum, da wata rana ce da Sabi'u ya rama da wadda ta fi ta zafi. Amma yau an taɓa shi daidai inda ƙurjin yake.

"Ba sai an kira kowa ba, Baba. Na gani. Na saita."

Ya sunkuya cikin motar, don injin irinta a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Ya kwantar da kilen Baba a kan tsumma a hankali yadda ba za ta yi motsi ba. Ya jawo sifanarsa da bututunsa. A hannun hagu ya riƙe wata 'yar ƙaramar sifana. Ya ɗora babbar a bulon na tsakiya, ya ja iya yadda hannunsa ya gaya masa, sannan ya ƙwanƙwasa 'yar sifanar a ƙarfen kujera. Ƙas.

Waɗanda ke kusa sun gani. Tanko ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Sabi'u ya kashe masa ido. Abin da ya fi ci masa rai ke nan daga baya, wannan kashe idon, don da shi ya mai da mutumin da ya rene shi abin dariya a gaban masu facin taya.

Kofin shayin da ke hannun Rissa ya tsaya a hanya, bai kai baki ba. Jim kaɗan ya ce, "Na tsakiya ka fara?"

"Shi na fara."

"To tsallaka."

Biyun farko ya bi tsari. Daga nan wuri ya yi masa ƙunci, kafaɗarsa na gugar sitiyari, sai ya riƙa bin wanda hannunsa ya fi kaiwa. Kowanne kuma tashi ɗaya ya kai shi maƙura. Da Rissa ya ce sittin, ya sake bi ya ƙara musu. Da ya ce na ƙarshe, ya sake ƙarawa, har da dafa ƙafa. A wannan zagayen ne wani bulon na can baya ya yi wani irin laushi a hannunsa, ya juya ba gardama, kamar an murɗa ɗanyen kara. Duk makanike ya san ma'anar wannan. Ya saki, ya ƙwanƙwasa ƙarfen kujera, ya wuce na gaba.

Kafin magariba ya haɗa komai ya tayar, inji ya ɗauka lafiya lau. Majalisa ta yi masa kirari. Rissa ya naɗe kilensa, Fadimata ta zo ta ja shi gida.

Da Zuhaira ta kawo wa Sabi'u tuwo, ba ta tashi ba. Ta ce tana tsaye bayan ƙofa tun da ta ji an ambaci sunanta, har ta sa hijabi tana jira a kira ta.

"Maigida, ba da kilen Baba ka ɗaure ba. Na gani ta kafar ƙofa."

"Ke kuma yaushe kika zama makanike?"

"Ban zama ba. Amma ka kwance ka sake, ko ka sa Baba a motar asuba. Ido ne fa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa ɗaci. Kwancewa ba ta yiwuwa, don juwan in an matse shi sau ɗaya ya gama aiki, kuma babu wani a garin. Sa Baba a motar wani kuwa, bayan duk cika bakin da ya yi, sai an tambaye shi dalili. Ya ce hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba, ya ture kwanon ya fita masallaci.

Ana sallame asuba suka ɗau hanya. Rissa a gidan gaba da sabon rawani, takardarsa a aljihun ƙirji, yana taɓa ta lokaci lokaci. Fadimata da Mariyama a baya, da wasu tsofaffi uku na unguwa. A kan kwalta mota ta yi ta gudu ba ko tari, har Sabi'u ya fara jin nauyin ƙirjinsa na sauka. Suka saki kwalta suka shiga rairayi, suka ɗauko Hajjo da ƙullin kayanta. A dawowa ne, da hantsi, rana ta fara dukan ƙasa, yashi ya riƙe tayoyi, inji na ta nishi. Allurar zafi ta fara hawa. Wannan ba ya bukatar karatu, ja ja ne.

Rissa ya ɗaga hanci ya shaƙa. "Tsaya, Sabi'u."

Farin hayaƙi na fita ta baya kamar an jiƙa murhu. Ruwan inji na tafasa yana tumbatsa. Ya zaro sandar duba mai, ya ga man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ya jira ta huce, ya juye mata duk ruwan da ke jarka, har da na sha. Ta yi tafiyar da ba ta fi ta kiran sallah ba, ta shaƙe, ta mutu. Ya yi ta murɗa makulli, ko tari ba ta ƙara yi ba.

Wurin babu komai sai ƙaya da sabara. Waya ba ta kamawa. Ranar ba ta kasuwar kowa ba ce, balle a sa ran wata mota. Sabi'u ya tattara tsofaffin a 'yar inuwar motar ya zura da gudu. Mutum mai shekara arba'in da biyar, yana gudu cikin rairayi yana kuka yana kiran sunan Allah. Sai da ya yi fiye da sa'a ɗaya kafin ya sami mai amalanken shanu, shanu kuma ba su san ana sauri ba. Suna isa bakin kwalta ana kiran azahar a wani ƙauye. Motocin da suka wuce duk cike suke maƙil. Sai wajen la'asar wata babbar motar albasa ta tausaya musu. Shi ya riƙa ɗaga tsofaffin ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa bisa buhuna, ranar dai ƙarfin nasa ya yi wannan amfanin.

Rana na faɗuwa suka shiga Damagaram. A harabar da aka yi aikin, ana naɗe rumfuna. Ga tsofaffi nan zaune jere da farin bandeji a ido, 'yan uwansu na ba su fura. Wata ma'aikaciya ta karɓi takardunsu ta duba, ta girgiza kai. Ta ce an rufe tun azahar, kayan aiki an ɗaure, likitocin gobe da sassafe za su wuce, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu. Sabi'u ya durƙusa a gabanta har gwiwa biyu. Ta ba shi haƙuri, ita ma idonta ya kawo ruwa, amma ba a hannunta abin yake ba. Hajjo ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Rissa ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya ce Allah bai nufa ba, sannan ya tambayi Fadimata ina ne gabas.

Da aka jawo motar gida aka buɗe, kilas ya karkace, bulon nan na baya ya miƙe ya sirance a tsakiya. Sabi'u ya jefa shi a aljihu, bai nuna wa kowa ba. Kafin ya gyara motar sai da ya sayar da ragunansa biyu ya kai Rissa da Hajjo asibitin Damagaram a motar haya. An yi wa Hajjo, ta dawo tana ganin har ƙwayar gero. Rissa kuwa aka auna aka ce jininsa ya hau sosai, tun ranar da ya wuni a rana bai koma daidai ba. Aka ba shi magani, aka ce ya dawo bayan damina.

Duk daminar nan, kullum da safe Sabi'u na gidan Fadimata. Shi ke hura gawayi, shi ke zuba wa Baba shayi. Sau nawa ya buɗe baki zai faɗa, sai maganar ta maƙale, ya ɓuge da labarin farashin gero. Tsohon kuma bai taɓa tayar da zancen ranar ba.

Da gero ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kwantar da Rissa. Kwana shida jiki na ta ja baya. Ran na bakwai bayan la'asar ya ce a kira masa Sabi'u, a kuma bar su su biyu. Sabi'u ya zauna a bakin tabarma, ya kama hannun nan da ya koma kamar kara, ya ga in bai faɗa yau ba, babu gobe.

"Baba, ranar da muka ɗaure kan inji..."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, Baba. Ban..."

"Shekara arba'in ina jin muryar kilena. 'Yar sifana ce ka buga a ƙarhen kujera. Sau talatin. Na ƙirga."

Sabi'u ya ji kamar ƙasa ta buɗe. Da ƙyar ya ce, "To don mi ba ka yi magana ba? Don mi ka shiga motar?"

"A gaban Tanko zan ce maka maƙaryaci? Kai da na aurar?" Ya numfasa. "Na kwana ina cewa da sahe zan sa Fadimata ta kai ni tasha. Sai na ji ka iso ƙofar gida kana ta murna, kana goge mini kujera. Na ce hannun yaron nan ya sha yin sa'a, wataƙila ta kai mu."

Sabi'u ya kifa kai a tabarma yana kuka kamar ba shi ne Mai Hannu ba. Tsohon ya lalubo ƙeyarsa ya dafa.

"Bar kukan, ba kai kaɗai ba ne. Tun satinka na farko a motata na gane ba ka karatu. Shekara goma sha biyu ina saitawa ina miƙa maka. Aikin yini ɗaya ne in zaunar da kai in nuna maka, amma na ce kada in kunyata ka. Kai ka ji kunyar tambaya, ni na yi maka kara. Ga inda ta kai mu." Sai ya ce, "Kira mini Mariyama."

Aka kawo yarinyar, ta hau cinyar Sabi'u tana wasa da maɓallin rigarsa. Rissa ya juyo da fuskarsa wajensu.

"Dube ta da kyau ka gaya mini da wa ta yi kama. Uwarta takan ce da ni take kama, don ta faranta mini. Kai nake tambaya. Wannan karon gaskiya nake so."

Sabi'u ya goge ido ya dubi yarinyar, ya daɗe yana dubanta. Ya ce ba ta yi kama da Baba ba ko kaɗan. Gajeren hanci gare ta irin na ubanta, da kumatu, da 'yar wushirya, sai dai in ta ɗaure fuska girarta na haɗewa irin ta Baba. Rissa ya yi murmushi ya ce to yanzu ya gan ta. Kwana biyu bayan nan aka kai shi makwanci.

Fadimata ce ta kawo kilen da kanta, cikin tsohon rawanin, ta ce wasiyya ce. Yanzu in za a ɗaure kan inji a gindin aduwa, ko na Sabi'u ko na wani, sai ya wanke ramuka ya hure su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙe ya ƙwala kira a gaban kowa, "Zuhaira! Zo ki duba mana." Ta fito da hijabinta ta saita ta miƙa masa. Ta nuna masa lambobin tuni, yini ɗaya ya ɗauke su kamar yadda Baba ya ce, amma bai daina kiranta ba. Tanko in yana wurin sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran hula.

Daga tsakiya yake farawa, ya tsallaka dama da hagu, zagaye uku, ba ya yi wa kowa magana sai ya gama. Ƙas talatin ne, duk na gaskiya. In ta ƙarshe ta yi, har yanzu yakan juya ya dubi wajen da tabarmar Baba take a da.